Daga Sarayebo Zuwa Garwa: Abin da Ya Jefa Manyan Ƙasashen Turai Cikin Yaƙin 1914

A ƙarshen watan Agustan 1914 wata rundunar sojan Najeriya ta tashi daga Yola, ta ƙetare iyaka zuwa Kamaru, ta nufi Garwa, inda Jamusawa suka kafa sansani mai ƙarfi a bakin kogin Binuwai. Hafsoshin rundunar Turawan Ingila ne, amma masu riƙe da bindigogin 'ya'yan ƙasar nan ne, da yawansu da Hausa ake ba su umarni. Waɗanda suka tare su a sansanin ma baƙar fata ne, ƙarƙashin hafsoshin Jamus. Harin bai yi nasara ba. An kashe kwamandan rundunar, sauran suka ja da baya zuwa Yola bayan an yi musu mummunar ɓarna. Garwa ba ta faɗi ba sai watan Yunin 1915, dakarun Jamus da suka maƙale a kan dutsen Mora kuwa sai Fabrairun 1916 suka miƙa wuya.

Tsakanin Yola da Garwa babu wata gaba da ta kai a zub da jini. Kogi ɗaya suke sha, kuma kafin zuwan Turawa ƙarƙashin Lamiɗon Adamawa ɗaya suke. Abin da ya sa aka yi ɗauki ba daɗi a tsakaninsu ya faru ne wata biyu kafin nan, a wani birni mai suna Sarayebo da ke kudu maso gabashin Turai. Daga ranar da aka yi harbi a can zuwa ranar da Birtaniya ta shelanta yaƙi a kan Jamus, kwana 37 ne kacal. Kafin ƙura ta lafa a 1918, sojoji wajen miliyan 9 zuwa 10 sun mutu, ban da miliyoyin fararen hula, kuma yaƙin ya zama ajalin dauloli huɗu: ta Jamus, ta Rasha, ta Ostiriya-Hangari da Daular Usmaniyya ta Turkiyya.

Ruwa ba ya tsami banza. Wanda ya bi diddigin shekaru goman da suka gabaci yaƙin zai tarar cewa sau huɗu Turai na zuwa bakin rami ana janye ta, kuma a kowane karo sai wata babbar ƙasa ta haɗiye wulaƙanci kafin a samu zaman lafiya. Da aka kai 1914, kowacce ta riga ta ƙudurta a ranta cewa ta gama ja da baya.

Harsashi biyu

Ranar Lahadi 28 ga Yuni 1914, Yarima Franz Ferdinand, mai jiran gadon sarautar Ostiriya-Hangari, ya shiga Sarayebo, babban birnin Bosniya, tare da matarsa Sophie. Wasu samari sun jeru a kan hanyarsa da bindigogi da gurneti. Da safe ɗayansu ya jefa gurneti, ya kuskure motar Yarima, ya raunata waɗanda ke biye. Bayan liyafa a zauren birni, Yarima ya ce zai je asibiti ya duba su. Direba ya yi kwanar da ba ita ba, aka ce masa ya tsaya ya juya, sai ga motar ta tsaya daf da Gavrilo Princip, ɗan shekara 19. Ya harba sau biyu, miji da mata suka mutu.

Princip Basabiye ne ɗan Bosniya, daga cikin matasan da ke son a raba ƙasarsu da mulkin Biyana, babban birnin Ostiriya, a haɗa ta da 'yan'uwansu Silabawan kudu. Makamansu daga Sabiya suka fito, ta hannun wata ƙungiyar asiri ta hafsoshi da ake kira Baƙin Hannu, wadda jigonta shi ne Kanar Dragutin Dimitrijević, shugaban leƙen asirin sojan Sabiya.

Kashe manya ba baƙon abu ba ne a wancan zamani. An kashe shugaban Faransa a 1894, matar sarkin Ostiriya kanta a 1898, sarkin Italiya a 1900, shugaban Amurka a 1901, sarkin Fotigal a 1908. Babu ɗaya da ya haifar da yaƙi. Wannan ya bambanta ne domin a Biyana akwai masu jiran hujja. Daular Ostiriya-Hangari ta tara mutane sama da miliyan 50 daga ƙabilu fiye da goma, kuma shugabanninta na ganin cewa muddin aka bar Sabiya tana zuga Silabawan kudu, wata rana daular za ta wargaje. Babban hafsan sojanta, Conrad von Hötzendorf, ya shafe shekaru yana neman a ba shi izinin afka wa Sabiya. Ɗaya daga cikin masu taka masa birki shi ne Yariman da aka kashe.

Sabuwar Jamus da tsohon tsoro

Tushen lamarin yana komawa 1871, shekarar da Farusiya ta ci Faransa da yaƙi, ta haɗe ƙasashen Jamusawa suka zama daula ɗaya. A fadar Basai ta sarakunan Faransa aka naɗa sarkin sabuwar daular, aka ƙwace lardunan Alsace da Lorraine, aka kuma ɗora wa Faransa tarar faran biliyan 5. Wata ƙasa mai ƙarfin gaske ta tsiro a tsakiyar Turai, ta ci gaba da bunƙasa. Kafin 1914 yawan jama'arta ya haura miliyan 65, Faransa kuwa tana wajen miliyan 40, kuma ƙarfen da masana'antun Jamus ke narkawa ya ninka na Birtaniya.

Otto von Bismarck, shugaban gwamnatin da ya gina daular, ya san cewa irin wannan ƙarfi yana tara maƙiya. Dabararsa ita ce ya hana Faransa samun aboki. Ya ƙulla ƙawance da Ostiriya-Hangari a 1879, Italiya ta shigo a 1882, sannan a 1887 ya yi yarjejeniyar sirri da Rasha don kada ta juya masa baya. Da matashin sarki Wilhelm na Biyu ya sallame shi a 1890, sai aka bar yarjejeniyar Rasha ta mutu. Faransa ba ta yi wata-wata ba, ta miƙa wa Rasha hannu da rancen kuɗi, kuma zuwa 1894 sun zama abokan yaƙi. Abin da Bismarck ya fi gudu ya tabbata: abokin gaba a yamma, abokin gaba a gabas.

Birtaniya ta daɗe tana zaman kanta, dogaronta ga jiragen ruwanta. Dokokin sojan ruwa da Admiral Tirpitz ya fitar a 1898 da 1900 suka sa Jamus ta fara ƙera manyan jiragen yaƙi a gaban ƙofarta. Tsibirin da ke shigo da mafi yawan abincinsa ta teku ba zai kalli wannan ya yi barci ba. A 1906 Birtaniya ta ƙaddamar da jirgin Dreadnought wanda ya mayar da duk tsofaffin jirage baya, tsere ya dawo sabo. Birtaniya ce ta ci tseren, amma amanar da ke tsakaninta da Jamus ta riga ta tafi.

Akan ce rabon ƙasashen Afirka da Asiya ne ya kawo yaƙin. Akwai ƙamshin gaskiya, sai dai lamarin ya zo a karkace. Manyan kishiyoyin Birtaniya a fagen mulkin mallaka su ne Faransa da Rasha, har ta kusa gwabzawa da Faransa a Fashoda ta Sudan a 1898. Don ta rage yawan maƙiya, sai ta sasanta da Faransa a 1904: Masar ta Ingila, Maroko ta Faransa. A cikin wannan yarjejeniya ce aka gyara iyakar arewacin Najeriya domin Faransawa su sami hanya mai ruwa daga kogin Kwara zuwa Damagaram da tafkin Chadi. A 1907 ta sasanta da Rasha a kan Farisa, Afganistan da Tibet. Cinikin ƙasashen wasu ne ya mayar da tsofaffin kishiyoyi aminai, Jamus kuwa ta fassara shi da cewa ana yi mata zobe.

Sulhu huɗu, tabo huɗu

Karo na farko a Maroko ne. A watan Maris 1905 Sarki Wilhelm ya sauka a Tanja ya nuna goyon baya ga 'yancin Sarkin Maroko, da nufin gwada ƙarfin sabon ƙawancen Landan da Paris. A taron Algeciras na 1906, cikin manyan ƙasashe Ostiriya-Hangari kaɗai ta tsaya wa Jamus. Berlin ta fita da darasi ɗaya: ba ta da amini na gaske sai Biyana, kuma ba za ta yarda ta rasa shi ba ko ta halin ƙaƙa.

Karo na biyu a Bosniya ne. Tun 1878 Ostiriya-Hangari ke riƙe da lardin, amma a takarda na Daular Usmaniyya ne. A 1908 ta haɗiye shi gaba ɗaya. Sabiya ta fusata, Rasha ta tsaya mata, amma Rasha ba ta farfaɗo daga kayen da Japan ta yi mata a 1905 ba. A watan Maris 1909 Jamus ta matsa mata lamba, ta sunkuyar da kai. Petersburg, babban birnin Rasha a lokacin, ta riƙe wannan a zuciya, ta duƙufa wajen gyara sojanta.

Karo na uku an koma Maroko. A 1911 Jamus ta aika jirgin yaƙi mai suna Panther zuwa tashar Agadir. Birtaniya ta fito fili ta mara wa Faransa baya. Aka sasanta: Faransa ta riƙe Maroko, aka yanko wa Jamus wani yanki na Kwango aka manna shi da Kamaru. Masu zafin kishin ƙasa a Jamus suka ɗauki wannan a matsayin faɗuwa, Faransa kuma ta fara gajiya da barazana.

Karo na huɗu shi ya fi muni. Mamayar da Italiya ta yi wa Libiya a 1911 ta tona raunin Daular Usmaniyya, sai Sabiya, Bulgeriya, Girka da Montenegro suka taso mata a 1912, suka ƙwace kusan duk abin da ya rage mata a Turai, sannan suka yaƙi juna a kan ganima a 1913. Sabiya ta fito da faɗin ƙasa kusan ninki biyu. Taron jakadu a Landan ya hana wutar yaɗuwa, aka kafa ƙasar Albaniya, aka toshe wa Sabiya hanyar teku. A watan Oktoba 1913 Biyana ta ba Sabiya wa'adin ficewa daga Albaniya, ta fice. Ostiriya ta koyi cewa Sabiya ba ta jin magana sai da sanda, Rasha kuma ta ga cewa ta sake barin 'yar ɗakinta cikin rana.

Wani abin ban tsoro shi ne, tun da aka tsallake sau huɗu, manyan 'yan siyasa sun fara ɗauka cewa kullum za a tsallake, domin ɗaya ɓangaren zai tsorata a ƙarshe.

Agogon janar-janar

A gefe guda kuma barikoki na cika. A 1913 Jamus ta ƙara yawan sojanta, Faransa ta mayar da aikin sojan dole shekara uku maimakon biyu, Rasha ta amince da wani babban shiri da zai kammala a 1917, tana kuma shimfiɗa layin dogo zuwa iyakarta ta yamma da kuɗin Faransa. Babban hafsan Jamus, Helmuth von Moltke, ya duba ƙasa mai mutane sama da miliyan 160 tana ɗaura damara, ya yanke cewa idan yaƙi ba makawa ne, gara yau da gobe. Ba shi kaɗai ba. Conrad na ganin daularsa na raguwa kowace shekara. Rasha na fargabar Jamus za ta mallaki mashigin Dardanelles, inda babban kaso na hatsin da take sayarwa waje ke bi, musamman da aka tura Janar Liman von Sanders ya horar da sojan Usmaniyya a ƙarshen 1913. Kusan kowa na ganin gobensa ta fi yau muni, kuma mai irin wannan tunani ba ya da haƙurin jira.

Yaƙin wancan zamani da jirgin ƙasa ake fara shi. Shelar tara dakaru na nufin kiran miliyoyin sojojin ko-ta-kwana daga gonaki da masana'antu, a ba su kaki da bindiga, a loda su da dawakai da igwa bisa jadawalin da aka tsara tun shekaru. Wanda ya makara da kwana uku yana iya rasa yaƙin tun kafin a fara. Tsarin Jamus, wanda Alfred von Schlieffen ya aza harsashinsa, shi ya fi kowanne haɗari. Tun da Rasha na da jinkirin shiri, sai a fara murƙushe Faransa cikin mako shida, sannan a juya gabas. Domin a kauce wa ganuwoyin iyakar Faransa kuwa, dole a ratsa ta Beljiyam, ƙasar da manyan ƙasashe, har da Birtaniya da Farusiya, suka lamunce wa zaman 'yar ba-ruwanmu tun 1839. Sauran ƙasashe na iya tara dakaru su tsaya a bakin iyaka. A tsarin Jamus, tarawa da kai hari abu ɗaya ne.

Kwana 37

A ranakun 5 da 6 ga Yuli, Sarki Wilhelm da shugaban gwamnatinsa Bethmann Hollweg suka ɗaure wa Biyana gindi ba tare da wani sharaɗi ba, suka ce ta yi abin da ta ga dama da Sabiya, ta kuma yi da sauri. Lissafinsu shi ne Rasha za ta sake ja da baya kamar 1909, idan kuma ta ƙi, to a yi ta yanzu. Biyana ba ta yi sauri ba. Sojoji da yawa na hutun girbi, firaministan Hangari István Tisza ya yi ta turjiya kafin ya amince, sannan an so a jira shugaban Faransa Raymond Poincaré ya gama ziyarar da yake yi a Petersburg. Jami'in da aka aika Sarayebo ya yi bincike ya ba da rahoton cewa bai sami shaidar da ta ɗaure gwamnatin Sabiya kanta ba, amma hakan bai canja komai ba.

Da yammacin 23 ga Yuli aka miƙa wa Sabiya wa'adin sa'a 48 mai ɗauke da buƙatu goma, waɗanda aka rubuta da niyyar a ƙi su. Sabiya ta karɓi mafi yawansu, ta ƙi yarda jami'an Ostiriya su shiga binciken shari'a a cikin ƙasarta. Da Wilhelm ya karanta amsar a safiyar 28 ga Yuli, shi da kansa ya ga cewa dalilin yaƙi ya kau, ya ba da shawarar Ostiriya ta riƙe Belgared, babban birnin Sabiya, jingina ta tsaya nan. Shawarar ta isa Biyana a makare kuma a raunane. A wannan rana Ostiriya-Hangari ta shelanta yaƙi, washegari igwa ta fara sauka a Belgared.

Sakataren harkokin wajen Birtaniya, Edward Grey, ya nemi a kira taro irin na 1912, Berlin ta ƙi. Shi ma bai iya fitowa fili ya ce Birtaniya za ta yi yaƙi ba, domin majalisar ministocinsa a rabe take. Wilhelm da Sarkin Rasha Nicholas na Biyu, waɗanda dangi ne, suka yi ta musayar saƙonnin tangaraho, kowa na roƙon ɗan'uwansa ya tsaya. Daren 29 ga Yuli Nicholas ya soke umarnin tara dukkan dakaru. Washegari ministansa Sazonov da janar-janar suka shawo kansa da cewa jinkiri halaka ne, ya sa hannu. Rasha ce babbar ƙasa ta farko da ta yi cikakkiyar shela, kuma wannan ya ba Bethmann damar gaya wa Jamusawa cewa kare kai suke yi. Har jam'iyyar 'yan gurguzu, wadda ta fi kowacce yawan kujeru a majalisa, ta amince da kuɗin yaƙi. A Paris, an harbe Jean Jaurès, babban mai kiran zaman lafiya, ranar 31 ga Yuli.

Ranar 1 ga Agusta Jamus ta shelanta yaƙi a kan Rasha. A yammacin ranar wani saƙo daga Landan ya sa Wilhelm ya zaci Birtaniya da Faransa za su iya zama a gefe, sai ya umarci Moltke ya juya rundunonin gabas. Moltke ya ce ba zai yiwu ba, domin taɓa jadawalin zai mayar da sojan tarin jama'a mara tsari. Ranar 3 ga wata aka shelanta yaƙi a kan Faransa, ranar 4 dakarun Jamus suka shiga Beljiyam, kafin wayewar gari Birtaniya ta shiga, tare da duk ƙasashen da ke ƙarƙashin tutarta.

Laifin wa?

Yarjejeniyar Basai ta 1919, a sashe na 231, ta ɗora alhakin ɓarnar a kan Jamus da ƙawayenta, kuma ɗacin wannan hukunci na daga cikin abubuwan da Hitila ya yi kiwo da su. A 1961 masanin tarihi Bajamushe Fritz Fischer ya tayar da ƙura da hujjar cewa shugabannin ƙasarsa sun nemi yaƙin da gangan. A 2012 wani masanin tarihin, Christopher Clark, ya nuna cewa alhakin ya ratsa manyan biranen duka. Muhawarar ba ta mutu ba, amma akwai abin da ya fito sarari. Biyana ta so ƙaramin yaƙi, ta kuma kunna shi. Berlin ta san zai iya zama babba, ta ce a je. Waɗannan biyu su ke da kaso mafi nauyi. Bayansu akwai Petersburg da ta yi gaggawar tara dakaru, da Paris da ta ƙarfafa mata gwiwa maimakon ta lallashe ta, da Belgared da ta bar hafsoshinta suna wasa da wuta, da Landan da ba ta yi magana da murya ɗaya ba sai da lokaci ya ƙure.

Ƙawance ma bai tilasta wa kowa ba. Italiya na cikin ƙawancen Jamus, amma ta ce Ostiriya ce ta fara, ta zauna a gefe, a 1915 ma ta koma ɗaya ɓangaren. Ciniki bai hana ba, alhali Birtaniya da Jamus na daga cikin manyan abokan kasuwancin juna. Zumunta ba ta hana ba, alhali sarkin Ingila da na Jamus jikokin Sarauniya Victoria ne. Mutane ƙalilan ne suka yanke shawara a ɗakuna ƙalilan, kowannensu yana da damar cewa a dakata, kowanne kuma yana ganin dakatawa zubar da girma ce da ba zai sake jurewa ba.

Duk dattijon da ya taɓa raba rigimar gona ya san cewa sulhun da aka tashi wani na jin an kunyata shi a bainar jama'a bai ƙare ba, an dai ɗage shi ne. Wannan ne Turai ta kasa ganewa daga 1905 zuwa 1913. A watan Oktoba 1962, lokacin da Amurka da Tarayyar Sobiyet suka yi cirko-cirko a kan makamai masu linzami a Kuba, Shugaba Kennedy ya riga ya karanta littafin Barbara Tuchman a kan Agustan 1914. Ya ƙi shawarar janar-janar ɗinsa ta kai hari nan take, ya yi alkawarin ba zai mamaye Kuba ba, a asirce kuma ya yarda zai kwashe makamansa daga Turkiyya, domin shugaban Sobiyet Khrushchev ya sami abin da zai koma gida da shi. Shekara mai zuwa aka buɗe layin sadarwa na kai tsaye tsakanin Washington da Mosko.

A yau manyan ƙasashe sun sake jeruwa cikin ƙawance, kowacce na tara makamai tana cewa kare kanta take yi, kuma makamai masu linzami sun mayar da kwanakin shawara mintoci. Ƙasashe irin namu ba su da kujera a ɗakunan da ake yanke waɗannan shawarwari, amma farashin hatsi, taki da man fetur na isowa kasuwanninmu cikin makonni. Saboda haka haƙƙi ne a kanmu mu riƙa tsayawa, a Majalisar Ɗinkin Duniya da Tarayyar Afirka, tare da duk mai neman a bar wa abokin hamayya ƙofar fita da mutuncinsa, mu kuma ƙi zama 'yan amshin shatar duk wanda ya ce lokacin magana ya wuce.